Talabijin Inci Tamanin da Biyar

Wani mutum ne ya yi ritaya daga aikin gidan waya a Minnesota. Shi da matarsa Marlys suka sayar da gida, suka sayi motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki. Sanyi na kamawa suka gangaro jihar Arizona mai ɗumi, suka yi fakin a sansanin tsofaffi 'yan gudun ƙanƙara.

To a sansanin nan, duk ranar Lahadi ana taruwa kallon ƙwallo a motar wanda talabijin ɗinsa ya fi girma. Shekara uku ke nan wani maƙwabcinsu Duane ke riƙe da wannan sarauta. Talabijin ɗin mutumin naku kuwa bai fi faranti ba. Rannan Duane ya leƙo ya gani, ya ce, "Maƙwabci, wannan talabijin ne ko madubin aske gemu?"

Abin ya yi masa ciwo ba kaɗan ba. Ko abincin rana bai ci ba, ya ɗauko tef ya kama awo.

Marlys na zaune tana ƙarasa bargon da ta shekara tana ɗinka wa jikarsu, wadda za a ɗaura wa aure ranar Asabar ta sama a San Antonio. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Tsoho, ka yi duk haukan da za ka yi, amma Alhamis da safe motar nan tana kan titi. In na rasa bikin yarinyar nan, ni da kai ne."

"Haba Marlys, talabijin ne fa, ba gini ba."

Ya auna bangon da ya raba falo da ɗakin kwana. Ya auna sau uku, har da rubutawa a tafin hannu. Abu ɗaya kawai ya manta. Falon motar irin wanda ake turawa waje ne. In an yi fakin a danna maɓalli gefe guda ya fita, wuri ya buɗe. In za a tafi a sake dannawa ya dawo ciki. Shi kuwa a buɗe ya auna.

Ya isa kanti, mai sayarwa ya tare shi da fara'a.

"Na gida ne, yallaɓai?"

"Na mota."

"To ga wannan, inci talatin da biyu. Ba nauyi, ba cin batir, kuma yana jure girgizar hanya."

"Na Duane hamsin ne."

"Wane ne Duane?"

"Ba ruwanka. Wancan na ƙarshe fa?"

"Tamanin da biyar ne, yallaɓai. Wannan ai sai coci ko gidan giya."

"Ɗaure min shi."

Aka kawo kaya sansani. Aka gwada ƙofa a tsaye, ya ƙi. Aka gwada a kwance, ya ƙi. Aka karkata shi, ya ɓalle fitilar ƙofa. Tsofaffi suka jawo kujerunsu na naɗewa suka zauna, kowa da kofin kofi, kowa da shawara. Ƙarshe dai Duane da kansa ya kawo sukundireba aka ɓalle babbar taga, mutum shida suka cusa shi ta nan. Mutumin ya mayar da taga, ya bi ta da gam kaf don kada ruwa ya shiga.

Saura kafawa. Bangon irin wannan mota kuwa kwali ne aka yi wa fenti. Ya ɗaura noti na farko, sai ga Marlys daga ɗakin kwana:

"Tsoho! Wani ƙarfe ya fito saman filona!"

"Ki rataya tabarau a kai!"

Da ya ga noti ba zai riƙe ba, ya nemo gam irin na masu kwalekwale, ya zazzage kwalba huɗu a bayan talabijin, ya manna. Ya ja da baya yana haki ya ce, "Ko guguwa ta zo sai dai ta tafi da motar."

Ranar Lahadi sansani ya cika motar. Aka kunna. Tabɗi! Daga kujera zuwa gilashi taku biyu ne. Ɗan wasa ya ruga, sai kowa ya bi shi da wuya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Wata tsohuwa ta ce jiri take ji. Wani ya tambayi ci nawa ne, aka ce ya taka zuwa ƙarshen hagu ya dubo. Kafin hutun rabin lokaci duk an fice waje, ana kallo ta taga daga tsallaken hanya. Amma mutumin bai damu ba ko kaɗan, don ya ji Duane da bakinsa ya ce, "Gaskiya ya fi nawa." Kwana uku yana tafiya kamar wanda aka ba sarauta.

Alhamis da safe aka naɗe rumfa, aka cire wuta da tiyon ruwa. Marlys ta ninke bargo ta ajiye a kujerar gaba, ta danna maɓallin falo. Bangon gefe ya taso ciki, zuuu. Bai yi taku ɗaya ba sai aka ji ƙas, ya daki gefen talabijin.

"Tsaya! Tsaya, Marlys!"

Ta saki. Duane ya shigo, ya dubi bango, ya dubi talabijin, ya cire hula ya sosa sanƙo.

"Maƙwabci, da falon a buɗe ka auna?"

Mutumin ya dubi tafin hannunsa.

"To a cire shi mana," in ji Marlys.

"Gam ɗin ba ya fita," mutumin ya ce a hankali.

"A fitar ta taga."

"Ita ma na manne."

Marlys ta dubi agogo. Ran mutumin ya gama tashi, ya fara kame-kame.

"Mu tafi a haka, da falon a waje. Sannu a hankali. Ki riƙa ɗaga wa mutane jan ƙyalle ta taga."

Duane ya ce, "Ko ƙofar sansanin nan ba za ka wuce ba, mutumina, balle gadar farko."

Marlys ta mayar da babban yatsanta kan maɓalli. Mutumin ya yi tsalle ya shiga tsakanin bango da talabijin, ya baje hannuwa.

"Shekara arba'in da biyu muna tare, Marlys! In za ki matse shi, sai dai ki matse mu tare!"

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta dubi talabijin. Ta juya wajen maƙwabci.

"Duane, bangon nan zai iya su biyu lokaci ɗaya, ko sai na danna sau biyu?"