Ranar da Na Share Yaran Bukkuyum da Fomula

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na miƙe gaban ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi uku na kira su maƙaryata, ina nuna kwamfutata a matsayin shaida.

Lokacin aikin gubar dalma ne, da yaran ƙauyukan haƙar zinari suka yi ta ciwo. Wata ƙungiya ta ɗauke ni shigar da bayanai a ofishinta na Anka. Duk yaron da aka auna wa jini yana da kati mai lamba. Aikina shi ne in haɗa rajistar Anka da ta Bukkuyum da ta Gummi, in fitar da jerin waɗanda za a sake aunawa. Layuka dubbai. Ni kuwa ban daɗe da dawowa daga kwas a Gusau ba, inda aka koya mana manhajar haɗa rahoto (sati biyu kacal, amma har tafiyata ta canza).

Na zuba rajistocin wuri ɗaya, na rubuta fomula mai ƙirga sau nawa kowace lamba ta fito. Sai ga lamba ɗaya sau biyu, wata sau uku. Na ce yawwa, na kama su! Na ƙara wata fomular da ke riƙe layin farko ta watsar da sauran. Jerin ya zabge, na buga na aika asibitoci. Ban tambayi kowa ba. Wa zan tambaya, masu rubutu da biro?

Ranar taron ƙarshen wata na sa sabuwar shadda, na haska majigi a bango.

"Ranka ya daɗe," na ce wa babban likitanmu, "ana maimaita yara ne don aiki ya yi auki a takarda. Ga lamba ɗari biyu da sha huɗu nan, sau uku."

Sista Rifkatu, nas ɗin Bukkuyum, ta ɗaga hannu. Mutuniyar Jos ce, amma ta daɗe cikinmu har Hausarta ta koma irin tamu.

"Malam, shekaranjiya wata Inna ta taho a ƙasa tun daga rugarsu, goye da ɗiyarta Hauwa'u. Na duba takardar da ka aiko, ba sunanta. Yarinyar da ni na ba magani da hannuna. Mi kake so in ce mata?"

"Ki ce mata kwamfuta ba ta ƙarya."

(Wallahi haka na faɗa, har da gyara hula.)

"Toh," in ji ta. "Buɗe muna sunayen."

Da ma na ɓoye gurbin sunaye don allon ya yi kyau. Na buɗe, zuciyata wasai. Ɗari biyu da sha huɗu: Sanusi, namiji, Bagega ta Anka. Ɗari biyu da sha huɗu: Hauwa'u, mace, Bukkuyum. Ta ukun kuma wani Garba ne daga Gummi. Ashe kowane asibiti daga ɗaya ya fara lambar katunansa. Kowa a ɗakin ya san haka, ban da mai majigi.

Mai hankali da nan ya zauna. Ni sai na ce, "Wataƙila kuskuren rubutu ne."

"Wane irin biro ne ke mai da Sanusi mace?" in ji Sista.

Ɗaki ya ɗauki dariya. Likita bai yi ba. Ya cire tabarau ya ce, "Yara nawa ka cire?" Sai ga gumi na bin sabuwar shadda.

Kafin la'asar na gyara. Na manna harafin gari a gaban kowace lamba, na ce fomula ta haɗa da suna da ƙauye kafin ta yanke hukunci. Maimaicin gaskiya bai wuce cikin hannu ba, kuma da na bi diddigi, ni na shigar da su sau biyu. Wannan ban haska shi a bango ba.

Likita ya ce sabon jerin ba direba zai kai ba, ni zan kai. Washegari na hau mashin zuwa Bukkuyum, Sista ta tasa ni gaba har rugar. Innar Hauwa'u ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wa Sista, "Wanga ne ya ce ba ni da ɗiya?" Sannan ta miƙo mini ƙwaryar nono, karamcin da ya fi mini mari zafi. Ranar aka ɗebi jinin yarinyar, sauran yaran ma aka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Har gobe ina kan bakana: fomulata ba ta yi kuskure ba, abin da na tambaye ta shi ta amsa. Kuma ba ni na buga katunan ba, a rubuta wannan. Sai dai tun daga lokacin, kafin in share layi ko guda, sai na nemi mai biron da ya rubuta shi na gaishe shi da ladabi.