Nomau da Masu Gadin Kwamfuta

A ƙauyen Rafin Kanya akwai wani bawan Allah, Nomau, wanda ba a taɓa kama shi da saɓa umarni ba, kuma wannan ita ce babbar masifarsa. In ka ce masa ya tsaya nan, sai ka je Hajji ka dawo ka same shi a wurin. Matarsa Lantana ce ke riƙe da gidan. Mai ɗaukar hoto ce a bikin mata, tana da kyamara da wata tsohuwar kwamfuta. A lokacin da nake ba ku labari, hotunan bikin 'yar Magajiya kaf suna cikin kwamfutar nan, ba a kai ga wanke su ba. Magajiya kuwa ita ce shugabar matan garin, in ta juya miki baya, ko kaza ce ta yi ƙyanƙyasa ba mai kiranki. Lantana ta san in hotunan nan suka salwanta, sana'arta ta mutu murus.

Wata rana za ta unguwa, ta ce, "Maigida, ka sa ido. Kada ka bar kowa ya soka filashi, ɗan abin kwasar hotunan nan, a kwamfutar nan, ta nan bairos ke shiga ya cinye aiki."

"An gama," in ji Nomau.

Ya dubi ramukan da ke jikinta, ya ga ai mutum ɗaya ba ya tsaron ƙofofi da yawa. Sai gogan naku ya kwaɓa laka ya liƙe su tas, kamar mai yaɓen rumbu. Da Lantana ta dawo ta ɗauko nata filashin, caraf ya riƙe mata hannu.

"Kin ce kowa."

"Har ni?"

"Ban ji kin cire kanki ba."

Ranar nan, da tsinken tsintsiya ta wuni tana sakace laka, tana kiran sunayen Allah.

Wata rana kuma ta aike shi birni wurin Malam Isuhu mai gyara, a sa wa kwamfutar kariya. Malam Isuhu ya sa, ya yi masa bayani dalla-dalla. "Wannan antibairos ne, shi ke tsaron ƙofa. Wannan kuma antimalwaya, shi ke bi ɗaki-ɗaki yana farautar ɓarayin zamani da suka sulale wa na farko. Masu gadi biyu sun fi ɗaya." Nomau ya fito yana jinjina wannan hikima. Can ya tsaya cak a bakin titi. In biyu sun fi ɗaya, ashe goma sun fi biyu ke nan! Ya bi layin masu gyara shago-shago, kowa ya ɗura masa nasa, don ɗan birni ba ya ganin irin Nomau ya ce a'a. Da ya iso gida aka kunna ta da azahar, ba ta buɗe ido ba sai da aka kira la'asar. Sannan masu gadi suka kaure da kokawa, wannan ya kama wancan ya ce ɓarawo ne, wancan ya ce ƙarya yake, shi ne ɓarawon. Dambu ya yi yawa, ya ƙi jin mai. Lantana ko hoto ɗaya ba ta iya buɗewa ba.

Wata rana sai ga ƙanenta Sagiru ya zo hutu daga makaranta, da tabarau da jakar goyo da ilimin da ya fi ƙarfin kansa. Ya duba ya yi tsaki. "Haba Yaya, wa ke amfani da antibairos a zamanin nan? Kayan kakanni ne. Antimalwaya kaɗai ya isa." Ya fara korar masu gadi ɗaya bayan ɗaya, sai abokansa suka yi sallama. Ya ce, "Yaya Nomau, ƙarasa min. Duk abin da ta tambaye ka, danna wannan kore, shi ne eh." Wa ya ga Nomau an ba shi aikin ilimi! Ya yi ta dannawa har aka sallami masu gadin duka, da tsoho da sabo, ba a bar ko na rantsuwa ba. Can wani baƙon allo ya faɗo daga intanet yana walƙiya, yana neman izinin shiga. Shi ma yana da kore. Nomau ya danna masa, har da cewa bismillah.

Wata rana, wato washegarin wannan aika-aika, Lantana ta zauna za ta tace hotuna, sai ta ga suna rikiɗewa a gaban idonta, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ɗan kwaɗon kullewa a jikinsa. Ta ɗora hannu a ka ta ce ta shiga uku. Sagiru ya kira Malam Isuhu, ya sa wayar a amsa-kuwwa. Ka ce gyara za su yi? Ina! Malam Isuhu ya ce da an bar antibairos da ɓarawon bai wuce ƙofa ba. Sagiru ya ce ai irin wannan ɓarawon na zamani ne, tsohon mai gadi ko ganinsa ba zai yi ba. Suna ta musu, hotuna suna ta tafiya. Lantana ta fashe da kuka.

"Ku ɗauke min jarabar nan daga gabana!" ta ce. "A kai ta inda idona ba zai ƙara ganinta ba!"

Masu ilimi sun san faɗar ɓacin rai ce. Nomau bai sani ba. Ya zabura ya fizge wayar wuta, ya tumɓuke modem mai kawo intanet, kwamfutar da ma batirinta ya daɗe da mutuwa, ɗif ta ɗauke. Ya rungume ta ya yi bayan gida da gudu, ya haye rumbu ya binne ta cikin gero. Da aka tambaye shi inda take ya ƙi faɗa, ya ce ai an ce kada ta gani. Sai da Lantana ta yarda za ta rufe ido sannan ya tono ta.

Da kanta ta kai ta birni, Nomau na biye. Malam Isuhu ya ciro ma'ajiyar hotunan daga cikinta, ya karkaɗe gero, ya jona a tasa. Ya duba, sannan ya ɗago.

"Hotunanki suna nan. Na abokan ango kawai ɓarawon ya ci. Wa ya yanke mata wuta da intanet?"

Lantana ta nuna mijinta da baki.

"To da ya ƙara jiran mu gama musu, da ko ɗankwalin amarya ba ki samu ba."

Ta yi ajiyar zuciya, hawaye na zuba. "Malam, yanzu wanne zan sa? Tsohon ko sabon?"

"Duka biyun, amma ɗaya-ɗaya. Sai dai mai gadin da ya cece ki yau, ba a sayar da irinsa a kasuwa."

Lantana ta dubi Nomau, yana tsaye yana tsince gero daga aljihu yana murmushi.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Da ana sayarwa, da garin nan ya tashi."