Rasuwar Agogon Baba, Wanda Ya Yi Ƙarya Sau Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Aina'u, babbar 'yar Malam Zubair tsohon ma'aikacin masaƙa, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta na Makoda da kewaye rasuwar agogon gidanmu, agogon teburin nan mai ƙararrawa biyu a ka. Rai ya yi halinsa ranar Lahadi a cikin kangon masaƙa a Kano, yana da shekara talatin da takwas. Fuskarsa ta tsaya a kan ƙarfe biyu daidai, amma ba a lokacin ya cika ba, kuma ni ce sanadi.

Marigayin ya shigo gidanmu ina 'yar mitsitsiya. Masaƙa ce ta ba Baba shi, ladan shekara goma yana aiki bai taɓa makara ba. Marigayin ya kasance mai gaskiya, mai haƙuri, marar kwaɗayi, don bai taɓa neman batir ba. A murɗa masa makulli sau bakwai, ya wuni ya kwana yana cak, cak, cak. Aibinsa ɗaya ne, ba shi da kara. In ya ce kirrrrr, har awakin maƙwabta sai sun miƙe. Mun tsine masa muna yara, Allah ya yafe mana. Baba kuwa wannan muryar yake so, domin ƙarar injina ta cinye masa rabin kunne tun yana matashi.

Da aka rufe masaƙa shekara ashirin da suka wuce, muka kwaso kayanmu muka dawo gida Makoda, Baba ya koma noman gero da gyaɗa, marigayin ya zauna a kan akwatin Inna ba shi da aikin yi. Sai shekara uku da suka wuce, bayan rasuwar Inna, mantuwa ta kama Baba. Kullum da safe sai ya sa tsohuwar rigar aikinsa, ya fita gindin tsamiyar ƙofar gida, ya tsaya yana ƙulla zaren da ba kowa ke gani ba. Ba mai iya shigo da shi, ko da tuwo ko da lallashi. A masaƙa dokar ita ce, masaƙi ba ya barin injinsa sai ƙararrawar tashi ta kaɗa ƙarfe biyu, ko da cikinsa ke murɗawa. Baba ya manta sunana, amma bai manta wannan dokar ba. Ni na gano cewa in agogon ya buga ƙarfe biyu, sai ya goge hannu a riga, ya shigo, ya yi azahar, ya ci abinci. Tun daga ranar marigayin ya koma aiki, yana dawo mana da ubanmu gida kullum.

Ga yadda ajali ya zo. Ranar kasuwar Ɗambatta gida ya watse, na leƙa gindin tsamiya ban ga kowa ba. A tasha Mati direba ya ce mini ai shi ya sa Baba a motar Kano, wai ya gan shi tsaf da rigar aiki, har yana faɗa wa yaran mota su yi sauri kada ya makara. Ban tsaya zagin Mati ba, na ajiye masa sai an jima. Na koma gida da gudu, na cusa agogon a jaka, na hau motar Kano.

Rabona da masaƙar nan tun ina kai wa Baba abinci a kwanon samira, lokacin da mutum dubu ke fita ƙofa ɗaya, masu sayar da ƙosai suna jiransu. Yanzu ciyawa ta kai ƙirji. Wani tsohon maigadi ya nuna mini ɗakin saƙa da haɓa, ya ce shi kam ba ya shiga, katakon da aka rufe ramukan ƙasa da shi ya ruɓe, rufin kuma ko tari aka yi sai ya amsa. Na shiga ni kaɗai. Rana tsaka ce, amma ciki duhu-duhu, sai hasken da ke zubowa ta inda kwano ya yaye. Injina a jere sun yi tsatsa, ƙurar auduga ta shekara ashirin tana lilo a jikinsu. Jemagu suna motsi a sama. Warin tsohon rini ya cika mini hanci. Wallahi na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Can ƙurya na hango Baba. Masu kwasar ƙarfe sun riga sun cire injinan layinsa, sun bar rami mai zurfi cike da baƙin ruwa. Baba yana tsaye a bakinsa, hannuwansa suna ƙulla zare, yana taku uku dama, taku uku hagu, kamar yadda yake yi tsakanin injinansa huɗu. Duk takun hagu, diddigensa sai ya taɓa bakin ramin. Na kira shi, bai ji ba. Na matsa, katako ya karye a ƙarƙashina har gwiwa. Da ya ɗago ya gan ni, sai ya ɗaga mini tafi, alamar da masaƙa ke yi wa juna cikin ƙara: jira a tashi.

Na ciro marigayin. Sha biyu saura kwata. Baba ba zai kai biyu a bakin ramin nan ba, ni na sani. Agogon da bai taɓa ƙara minti ko rage minti ba, na kama makullin bayansa na tura hannunsa gaba, na sa shi ya yi ƙarya.

Kirrrrrrrr.

Ɗakin duka ya ɗauka. Jemagu suka tashi, wani kwano ya faɗo can baya, na tabbata rufin zai rufta mana. Baba ya tsaya cak. Ya goge hannu a riga, ya juya wa ramin baya, ya bi wani dusasshen layin fenti da ni ban ma lura da shi ba, layin da ma'aikata ke bi a kan siminti, ya fita lafiya lau ko tuntuɓe bai yi ba. Ni kuwa tafina ya jiƙe sharkaf da zufa, agogon yana karkarwa, ya suɓuce ya daki gindin wani inji. Gilashi ya tarwatse. Na ji ya ce cak sau biyu, sannan shiru.

Mun kai shi wurin Najib mai gyaran agogo a Ɗambatta. Ya buɗe cikinsa, ya daɗe yana dubawa, ya rufe, ya ce in yi haƙuri, an daina yin irinsu.

Marigayin ya bar rigar aiki ɗaya, da katin shiga masaƙa mai hoton Baba da gashi baƙi ƙirin, da wata wayar hannu marar amfani da na sa ta yi ƙara iri goma sha biyu a kunnen Baba ko waiwayowa bai yi ba. Ya kuma bar ni. Kwana uku ke nan Baba yana tsayawa gindin tsamiya har ƙafarsa ta kumbura, sai maza biyu sun ɗauko shi yana turjewa. Ina sa kwaɗo a ƙofar zaure da dare, na roƙi direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya kada su ɗauke shi. Duk motar da ta wuce, sai na leƙa gindin tsamiya, don in ya sake komawa can ba ni da abin da zan kira shi da shi.

Za a yi sutura gobe Alhamis bayan la'asar. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, na kuma yarda. Za a naɗe shi a ƙyallen atamfar da Baba ya saƙa da hannunsa, a sa shi a ƙasan akwatin Inna. Ana karɓar gaisuwa a zaure, ba a buƙatar kowa ya zo da komai, sai wanda ke da tsohon agogo mai irin wannan muryar, don Allah ya taho da shi. Baba bai san an yi rashin ba, kada kowa ya yi masa ta'aziyya. Za ku same shi a gindin tsamiya. In ya tambaye ku ƙarfe nawa, ko da hantsi ne, ku ce masa biyu ta yi, Malam, an tashi.