Nomau Ya Je Taryen Haihuwa

A ƙauyen Gangaren Kuka an yi wani masassaƙi, Nomau. Turminsa ba ya tsagewa, amma duk maganar da aka faɗa masa, yadda ta shiga kunnensa haka yake ɗaukar ta. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Lanti, da mahaifiyarsa Iya Tabawa. Shekara shida da aure Lanti ba ta taɓa samun ciki ba, har Iya ta daina tambaya.

Wata rana Iya ta ja shi bayan rumbu, ta rage murya ta ce masa Lanti ta yi ɓatan wata, har biyu. Nomau ya sa hula ya nufi gidan mai shela. Kafin la'asar ana ta sanarwa unguwa-unguwa cewa matar Nomau ta ɓatar da wata biyu, duk wanda ya tsinta ya taimaka ya mayar. Abin da mata ke ɓoyewa har sai zane ya gaza, ranar kowa ya ji. Lanti ta yi mako ba ta leƙa rijiya ba.

Wata rana Iya ta ce ciki ya kai wata huɗu, ya kai Lanti awo. Ya goya ta a keke, bai tsaya ko'ina ba sai kasuwa, rumfar masu sayen gyaɗa. Ya nuna sikelin da ke rataye ya ce a auna masa ita. Mai sikeli ya dubi Lanti, ya dubi ƙugiyar, ya tambaya ko a buhu za a sa ta. Lanti ta ja mayafi ta kama hanyar asibiti da ƙafa, Nomau na biye yana tura keke.

A can malamar asibiti ta gwada jininta, ta danna cikin, ta saurari bugun zuciyar ɗan. Sannan ta kira Nomau ta yi masa bayani: ɗan yana kwance cikin ruwa a mahaifa, ba ya ci da baki, ta cibiya abinci ke isa gare shi, don haka a yawaita wa uwar wake da hanta da zogale. Nomau ya riƙe guda ɗaya a ciki. Washegari da azahar Lanti ta kishingiɗa barci ya ɗauke ta, ta farka ta ji ɗumi a jikinta. Lomar tuwo ce da miyar kuka a kan cibiyarta, Nomau na tsugune a gefe yana jira.

"Har yanzu bai taɓa ba," in ji shi. "Ko miyar ce ba ta yi masa ba?"

Wata rana, wata Laraba da hantsi, naƙuda ta kama Lanti. Aka wayi gari Alhamis, rana ta take, shiru. Tsofaffin unguwa suka cika ɗakin, an ba ta jiƙo, an ba ta rubutu, suka ce haihuwar fari ce, haka take. Lanti ta daina ko nishi mai ƙarfi. Nomau kuwa yana bakin ƙofa, bini-bini ya tambaya ko haihuwar ta zo. Iya ta gaji ta ɗaga labule.

"Haihuwa tana hanya. Tashi ka ba mu wuri."

Nomau ya tafi hanya. Ya jawo gungumen itace ya gicciya a titin da ya ratsa bayan gari, ya tsaya. Ya tsayar da motar albasa, ya tambaya ko suna ɗauke da haihuwar Lanti. Direba ya zage shi. Ya tsayar da motar shanu, suka yi dariya. Mota ta uku wata dattijuwa ce a ciki, Hajiya Dudu, ungozoma a babban asibitin birni, tana dawowa daga ta'aziyya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta tambaye shi tun yaushe ake naƙudar. Da ya ce tun jiya da hantsi, ta ce ya shigo ya nuna gidan.

Tana ɗora hannu a kan cikin Lanti ta ce ɗan a gicciye yake, kansa a gefe, ko an kwana bakwai ba zai fito da kansa ba. Aka ciccibi Lanti zuwa mota. Kafin magariba an yi mata aiki a asibitin birni an ciro 'ya mace mai rai. Likitan ya ce da an kai gobe, da mahaifar ta fashe, an rasa su duka biyun.

A barandar asibiti Iya ta zauna kusa da ɗanta, ta rasa faɗa za ta yi masa ko albarka za ta sa masa. Nomau ne ya fara magana.

"Iya, da tun jiya kika ce mini tana hanya, da tun jiya na je na tare ta."