Furen Iya Tabawa

Ba na jin zan taɓa mantawa da ƙarfe tara na safiyar wata Laraba ba, lokacin da ɗan doka ya buga ƙarfen ƙofar hakimi, ni kuma na fara tona wa kaina rami.

Zamanin Turawa ne, na dawo Dutse hutu daga makarantar 'yan mata ta Kano, kaina cike da darasin tsabta. Goggona tana fama da ciwon dasashi: jini duk safiya, haƙori ɗaya har yana rawa. Wata-wata wani malamin asibiti kan zo ɗakin shan magani ya kankare haƙora, ya koyar da riƙon asuwaki. Sai da na yi sati ina yi mata wa'azi (a hankali, ina kallon ƙasa) cewa goro da furen taba da take jan baki da su ɓoye jinin kawai suke yi, kafin ta ce, "To Likita, mu je, ko kunnena ya huta."

A hanya muka biya gidan ƙawarta, Iya Tabawa. Tsohuwar ta miƙo mini ɓarin goro da fure. "Ungo 'yar boko, bakinki fari fat kamar na mai takaba."

Ni da ko gaisuwa sai na yi bitarta a zuci, ina na ga bakin ƙin kyautar babba? Na tauna, na goga, har da godiya.

Muka tarar da mata cike da rumfar ɗakin shan magani, malamin yana faɗa a kan goga fure kamar ya saurari wa'azina. Yana hango rigar makarantata sai fuskarsa ta washe.

"Yauwa, ga mai ilimi. Taso ki nuna wa iyayenki yadda lafiyayyen baki yake."

Na tashi. Na yi murmushi baki a rufe, irin na gawa.

"Buɗe mana, ƙanwata."

Na buɗe. Ja wur, kamar kurar da aka kama a bakin akuya. Wata ta ce, "Ikon Allah, ashe da fure ake karatun." Rumfa ta ɗauka da dariya. Malamin ya goge jan da auduga, ya danna dasashina, sai ga jini na gaske. Ashe ni ma ina da rabona, ina ta leƙen bakin wasu. Ni aka fara kankarewa, Goggo tana riƙe da kaina tana cewa, "Sannu Likita." Dariya ba ta bar ta ta ji tsoro ba da aka zo kanta.

Ranar na gane mai wa'azin baki gara ya fara neman madubi.

A hanyar gida na daure na tambaye ta ko za ta koma wata mai zuwa, don malamin ya ce zuwa ɗaya ba ya ceton haƙori.

Ta ce, "Zan koma mana. In ban je ba, wa zai raka marar lafiya?"