Sanarwar Rasuwar Kaset ɗin Norifumi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ƙyamar da har yanzu ba ta sake ni ba, ni Kuwabara Sumie ta birnin Sakai nake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar kaset ɗin wasan talabijin na maigidana, marigayi Norifumi. Rai ya yi halinsa ranar Lahadin da ta gabata, a kan teburin cin abincin 'yata Chizuru, a hannun mijinta Masaomi, wanda babu wanda ya aike shi.

Mamacin, wato kaset ɗin, shi ne kashi na uku a jerin wasan Jarumin Fitila. Ya fito a zamanin da jarumin yake da kunya, ba ya furta komai sai "eh" ko "a'a", ya ɗauki takobinsa ya kama gabansa. Mamacin bai taɓa neman intanet ba, bai taɓa katse wa mutum yaƙi don ya yi masa talla ba. In ya yi gardama, sai ka hura masa iska a baki, ya huce. Kukansa kaɗan ne kuma sananne: "firit" in an buɗe ƙofa, "tirin-tirin-tin" in jarumi ya kwanta a masauki.

Wasan yana barin mai bugawa ya raɗa wa mutanen ciki suna, amma gajere. Norifumi ya sa wa jarumin Nori, ya sa wa mai warkar da raunin mayaƙa Sumi. Duk Lahadi, in ya huta daga masana'antar kekuna, haka zai zauna yana yawo da ni cikin duwatsu ina ɗaure masa rauni, ni kuwa ina kicin ina masa faɗan ya rage ƙara. Da ya iso ƙauyen bakin teku, inda daga nan sai yaƙin ƙarshe, sai ya tsaya. Na ce, "Malam, ka ƙarasa mana mu huta." Ya ce, "In na ƙarasa, ina za mu je?"

Can ya bar mu tsaye a ƙofar masauki, har ciwo ya ɗauke shi. Tun daga nan, duk watan Agusta, lokacin da matattu ke ziyartar gidajensu, nakan kunna turare in kunna talabijin, in ga Nori da Sumi kafaɗa da kafaɗa, in yi musu barka da zuwa, in kashe. Ban taɓa matsa su ko taku ɗaya ba.

Game da ciwon ajali, mamacin lafiyarsa ƙalau. Zamani ne ya lalace. Masu wasan sun mai da jarumin ɗan haɗin gambiza, duk wasan da ya yi kira sai su ba da aronsa. Na gan shi yana dambe da beyar mai safar hannu. Na gan shi yana tseren mota da kyanwoyi. A wasan waya kuwa sun tuɓe masa sulke, sun sa masa gajeren wandon iyo, sun ba shi murya, yana ta zuba kamar mai tallan magani. Sai suka yi shela cewa duk wanda ya ɗauki hoton tsohuwar ajiyarsa ta kashi na uku, wato inda ya tsaya a wasan, za a ba jaruminsa na waya hular kankana.

Saboda hular kankana Masaomi ya shiga ɗakina ina asibiti ana duba mini gwiwa. Ya ɗauki hotonsa, ya samu hularsa, da ya tsaya nan da ban ce komai ba. Amma sai ladabi ya motsa masa. A cikin kaset akwai wani batir kamar maɓallin riga, shi ke riƙe da inda mai wasa ya tsaya, kuma duk wanda ya kai shekaruna ya san in aka cire shi komai ya tafi nan take. Masaomi ya ga batirin ya tsufa, ya tafi da kaset gida, ya sa sabo, ya goge shi har yana ƙyalli, ya naɗo shi a takardar kyauta.

"Mama, yanzu zai ƙara shekara ashirin!" in ji shi, yana washe baki.

Da muka kunna ya ga abin da ya yi, ya kifa goshi a tabarma ya ƙi ɗagowa. Chizuru tana cewa, "Mama, ki yi haƙuri, alheri ya yi niyya." Na sani, kuma shi ya fi ci mini rai, don ko zaginsa ba zan iya yi yadda nake so ba. Washegari ya kawo kwalin alewar ban haƙuri. Na buɗe, sai ga fuskar jarumin a kan kowace ƙwaya yana kashe ido. Tana nan a bakin ƙofa, mai so ya ɗauka.

Mamacin ya bar na'urar da yake shiga, da madannai biyu waɗanda ɗayansu ya lotsa daidai babban yatsan Norifumi, da tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, da ni.

Za a yi addu'a ranar Asabar da hantsi a haikalin unguwarmu, inda aka saba yi wa tsofaffin 'yan tsana da allurai addu'ar sallama in sun gama aiki. Malamin haikali ya yarda ya yi karatu amma ya ce ba a ƙona roba, don haka gawar za ta dawo gida tare da ni. A zo da baƙaƙen kaya. Wanda ke da wasan nan a waya ya bar ta a aljihu.

Za a ajiye mamacin a falo a kunne don masu zuwa gaisuwa. Jikinsa yana aiki sarai, kiɗansa na tashi kamar da. Yana nuna baƙin allo ne da tambaya ɗaya: "Mene ne sunanka?" Iyali suna roƙon kada kowa ya amsa masa.