Muryar Ɗan Hwari Bayan Rumbu

Kun taɓa ganin uwar da ɗanta ka kiranta, ita ko tana gudu bayan rumbu? To ni na gani, gidan aminiyata Tsahara, nan Dogarawa. Ɗanta na hwari, Namadi, direban babbar motar siminti na. Bara da kaka anka aiko cewa motar ta hwaɗi da shi hanyar Agadas, shina kwance asibiti. Kowa ya ce mata da sauƙi. Tac ce "da sauƙi" anka ce mata sa'adda mijinta ya kwanta, har anka kai shi, saboda haka sai ta ji da kunnenta. Ga kunnen ya yi nauyi, ba ta jin komi cikin talho. Ina zamne wurinta sai ga jikanta Nafi'u, ɗan Namadin, mai aikin ofis Malbaza, ya sabka bisa moto da ordinatar, wato kwamfuta, da wani abin kunne maras waya rataye ga wuya.

"Ina gajiya, amarya? Kin ƙara kyau, na ga haƙori guda ya ƙara tahiya."

"Tuwon gidanka ya hidda shi, mijin banza. Mi kar rataya ga wuya kamar ɗan maraƙi?"

"Kunnuwa na kawo miki. Naki sun gama aiki tun kahin a gina Konni."

"Ina igiyarsu?"

"Ba su da igiya. Iska ka kawo maganar."

"Akuya ma sai da igiya take kwana gida, balle magana."

Ya kihe turmi, ya aza ordinatar bisa, yak kira. Ya hwara sa abin ga kunnenshi, ya ji uban tas, sannan ya ɗora ma Tsahara bisa kallabi, ya duƙa shina gyaran gilashin. Huskar Namadi ta hito. To kun san al'amarin ɗan hwari. Tun da ta haihe shi ba ta taɓa kama sunanshi ba, ba ta taɓa zama gaba da gaba da shi ba. Tana hango huskar ta miƙe sumul, ta zagaya bayan rumbun hatsi can ƙuryar gida.

Ba a daɗe ba ta dawo, abin ga hannu.

"Inna lillahi. Kun ɓoye mini. Harshenshi ya mutu."

"Harshen wa?"

"Na uban wani. Magana guntu-guntu, ya kama ya saki, ya kama ya saki. Haka kakanka ya yi kahin ya cika."

Nafi'u ya hizge abin ya sa. Na ga idonshi ya hito, sannan ya sabke numhwashi.

"Baba na zuba magana kamar mai tallan magani ran kasuwar Badaguishiri. Giɓinki na ka cinye rabin maganar."

"Da baki nike ji, ɗan nema?"

"To ƙaiƙayi na ya cika miki kunne. A zuba ruwa, bana mu samu dami."

"Ka zuba ma kanka, ko gashi ya tsiro. Ka ga matashi da sanƙo, wace ɗiya za ta ɗauke mini kai?"

Ya kashe abin, ya kunna. Ya diba batir, cike. Ya diba rezo, wato sabis ɗin waya, cike. Ya kashe talhonshi, wai kada ta ja maganar wurinta. Ya mayar mata ga kai, ya duƙa shina ce ma uban ya yi ta magana kada ya tsaya. Tsahara ta sake sulalewa. Wannan karon da hawaye ta dawo.

"Yanzu ma ya yi shiru baki ɗai. Nafi'u, in ya cika ka hwaɗa mini, ni ba yarinya ba ta."

Tun da nike ban taɓa jin ta kira shi da sunanshi babu zagi ba. Yaron ya dibi uban cikin gilashi, ga baki na motsi. Ya dibi tabarma, ga takalman tsohuwa nan, ga sawun ƙahwa tsirara ya miƙe har ƙuryar gida.

"Ina kike zuwa in na duƙa?"

"Inda mutunci ya aike ni."

"Bayan rumbu? La'ilaha illallahu. Ni ina nan ina zargin Nasara da rezo, ashe amarya ta ka yaji da kunnuwana. Abin nan ba shi son nisa, ba shi ƙetare gini. Ke ko kin sa rumbu cike da hatsi tsakani."

"Kai kac ce iska ka kawo ta. Bayan rumbu babu iska?"

"Akwai, amma ba ta san gidanki ba. Zamna nan gaban turmi."

"In zamna in ƙura mishi ido? Wagga kunya ta hi uwarka shekaru."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Cibin da ni na gasa maka kana tsala ihu?"

"To zaɓi. Ko kunya, ko murya. Mijinki ba shi da ƙarhin ɗauke rumbu."

Ta tsaya tana murza bakin zane. Can ta ɗauko hwaihwan da ta ruhe ƙwaryar hura, ta jingina shi ga gilashin ya ruhe huskar, ta zamna dab da turmi. Nafi'u ya ɗora mata abin. Na ga kahwaɗunta sun sabka sannu-sannu.

"Ce mishi na ji. Hannu ɗai ya karye."

"Ki hwaɗa mishi da kanki, shina jinki har numhwashi."

"Da kai nike. Ce mishi ya bar gudu. Ce mishi ya sha romo."

Tana hwaɗi, ɗan yatsanta na ture hwaihwan kaɗan-kaɗan, har ta leƙa da ido guda. Nafi'u ya buɗe baki.

"Amarya, mi nike gani?"

"Zabon can mai ƙiba kake gani. Kama shi ka tahi, ka ci da bakinka ruhe."

Ya yi dariya har ya dahe turmi, ya bi zabo da gudu. Tsahara ta mayar da hwaihwan, ta share ido da bakin kallabi, ta juyo gare ni.

"Safara'u, ya rame. Ke kuma ba ki ga komi ba."